Na Zaɓi Makaranta Saboda Ciyawa

Assalamu alaikum. Edita, ina roƙon a buga mini wannan wasiƙa yadda na rubuto ta, kada a gyara mini hali a cikinta, domin halin nawa shi ne ya jawo komai. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ko na wata makaranta ba. Waɗanda suka san ni za su gane ni tun kafin su yi nisa, su kuwa dama sun gama yi mini dariya.

Lokacin da abin ya faru shekarata goma sha takwas, na gama sakandaren kwana ta 'yan mata, ina zaune a gidanmu, wani ƙauye tsakanin Kiyawa da Dutse. Babana mai shanu ne, ko da yake yanzu ya fi zama a kara, kasuwar dabbobi, yana saye da sayarwa, 'yan kaɗan ne suka rage a turke a bayan gida. Abu biyu aka san ni da su tun ina ƙarama: gudu da baki. Ba na iya jira. In aka fara yi mini bayani, kafin a kai tsakiya na ce na gane. In na ɗora tukunya sai na buɗe ta sau goma. Innarmu takan ce ko ranar haihuwata ban jira ungozoma ba. Gudun kuwa a makaranta aka gano shi, kuma ba a filin wasa ba. Famfo ɗaya ne ke kawo ruwa da safe, ni kuma na tsani layi, don haka da an buga ƙararrawa sai in zari bokiti in zura. Wata rana malamar wasanni ta gan ni na wuce 'yan aji shida da bokiti a hannu, ta kira ni. Na ɗauka duka zan sha, sai ta ce gobe in zo fili, amma in bar bokitin a ɗaki. Daga ranar har na gama, a tseren mita ɗari huɗu bayana kawai 'yan mata suke gani. A gudun miƙa sanda kuwa, wanda mutum huɗu ke yi wannan ta miƙa wa wannan, kullum ni ce ta ƙarshe, mai ƙarasawa.

Ranar da za mu bar makaranta malamar ta ja ni gefe ta ce in ina son ci gaba da gudu, lallai in shiga babbar makarantar da take kai 'yan mata gasar da kwalejoji ke yi tsakaninsu duk shekara, domin a can masu zaɓen 'yan wasan jiha suke zuwa su zauna da biro da takarda. Ta ce ƙafar mai gudu ba ta da shekaru da yawa, balle ta mace a wajenmu, in na yi wasa da biyu ko uku shi ke nan. Da sakamako ya fito, makina bai kai na jami'a ba, amma akwai ƙananan kwalejoji uku da za su iya ɗauka ta, duk ba su wuce tafiyar awa biyu daga Dutse ba. Na sami Baba yana ba bijiminsa dusa na faɗa masa. Bai hana ba, dama shi mutum ne mai son ya ji an ce 'yarsa ta tsere wa 'ya'yan mutane. Sai dai ya kafa sharaɗi: zan yi gudu da shiga mai rufe jiki, cikin mata, kuma a hannun mace. Ya ƙara da cewa ni zan zaɓi makarantar da kaina tunda ni zan zauna, amma sau ɗaya ake zaɓa, shi ba zai riƙa yawo da akwatina daga wannan gari zuwa wancan ba. Na ce na ji, tun bai rufe baki ba.

Na ɗauko sabon littafin rubutu da rula na ja layuka. A sama na rubuta kwaleji ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A gefe na jera abin da zan duba: fili, ɗakin kwana, ruwa, abinci, nisa da gida, sai karatu can a ƙasa. Kowanne zan ba shi maki cikin goma, na fili kuma ninki biyu. Malamata ta aiko mini da saƙo wai in bari a dawo hutu, in je in ga makarantun da ɗalibai a ciki. Ina! Watan Agusta ne, damina ta yi tsakiya, makarantu duk a rufe, amma ni ba zan iya zaman wata biyu da littafi babu maki a ciki ba. Na matsa wa Baba har ya bar gona da kara, ya goya ni a babur ɗinsa, kowace rana makaranta ɗaya.

Ta farko ba ta ɗauke mu rabin awa ba. Azuzuwanta da kyau, har da ɗakin karatu cike da littattafai, amma fili babu, wai na firamaren maƙwabta suke ara in yara sun tashi. Na ba su sifiri na ce Baba mu tafi, shi kuwa bai ma gama gaisawa da mai gadi ba.

Ta biyu mai zaman kanta ce, tun daga titi na hango filinta. Ciyawa kore shar, an kewaye da waya, ga rumfar 'yan kallo mai kwano shuɗi, ga turakun raga farare kamar jiya aka shafe su. Ban taɓa ganin irinsa ba sai a talabijin. Wani jami'i mai fara'a ya zagaya da mu, ya sa tsohon da ke kula da filin ya buɗe mana. Ni ina ta ɗaukar hoto da wayar Baba, shi kuwa Baba ya tsaya yana kallon yadda tsohon ke fama da kwaɗon ƙofar, sai da ya buga shi da dutse ya buɗu. Da muka shiga Baba ya tsuguna ya tuge ciyawa ya duba saiwarta, ya taka gaba kaɗan ya tsaya kan wani gidan tururuwa da ke daidai inda ake cewa hanyar gudu ce, ya cire tsidau daga takalminsa. Ya ce mini, cikin sanyin nan nasa, wannan makiyaya ce mai kyau, amma rabonta da ƙafar mutum an daɗe. Ya ce inda ake takawa kullum ciyawa ba ta yin haka ko da an yi hutu, kuma tururuwa ba ta gina gida a kan hanya. Sannan ya tambayi jami'in wace ce ke kula da 'yan mata masu gudu. Jami'in ya ce ai sashen wasanni na nan, mata ma ba a hana su ba, in an dawo hutu za a tsara komai. Baba ya buɗe baki zai sake tambaya, na katse shi. Na ce Baba wannan fa ba maganar shanu ba ce, harkar wasanni ce ta zamani, ya bar ni da abin da na sani. A gaban baƙo na faɗa masa haka. Allah ya yafe mini. Ya karkaɗe hannunsa. Na ba filin ashirin cikin ashirin.

Ta uku tana can cikin gonaki, sai an bar kwalta an bi wata hanya mai taɓo. Gine-ginenta tsofaffi ne, fentin duk ya koɗe. Da muka ce muna son ganin fili aka nuna mana wani wuri bayan gidajen malamai. Tsakiyarsa ma'aikata sun shuka gyaɗa, a kewayen gyaɗar kuma akwai wata hanya da ta zagayo, ƙasa tsirara, ta daddale kamar daɓe, ko tsinken ciyawa babu a kanta duk da ruwan da ake yi. An yi ruwa da daddare, ƙasar da ɗan laushi. Baba ya sa hannu a baya ya bi hanyar nan a hankali yana kallon ƙasa, har ya zagayo. Ya ce an yi gudu a nan yau da safe, mutum takwas ko tara, kuma mata ne, sawun ƙanana ne, wasu da takalmi wasu babu, ɗaya daga ciki tana ɗan jan ƙafar hagu. Na ce to sai me? Muna tsaye sai ga wata mata ta fito daga gidajen malamai, doguwa, za ta yi shekara arba'in da wani abu, da kwanon zogale a hannu. Ta gaida Baba, ta ce ita ce malamar ilimin motsa jiki, ita ke horar da 'yan mata, waɗanda gidajensu ke kusa ko a hutu suna zuwa bayan asuba. Ta tambaye ni tseren da nake yi, na faɗa mata da ɗaga kai. Ta ce in zo gobe da safe in gwada da yaranta in gani. Ni kuwa na dubi gyaɗar nan na ce Malama ina ainihin filin yake, don ni ban zo gudu a masussuka ba, na sakandarenmu ma ya fi wannan. Baba ya ce ta yi haƙuri, bakin yarinyar ya fi ƙafarta sauri. Malamar ta yi dariya har zogalen ya kusa zubewa, ta ce ba komai, Allah ya ba ni inda ya fi. Na ba su huɗu cikin ashirin, huɗun ma don inuwar darbejiya ce.

Da na haɗa maki ta biyu ta yi nisa. Baba ya tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata, na ce lissafi ba ya ƙarya. Ya ce to.

Gaskiya ba zan zalunci makarantar ba. Karatu ana yi, ruwa ba ya yankewa, malaman suna shiga aji. Amma washegarin da muka fara, da na yi sallar asuba na ɗaura kambas na nufi fili, sai na tarar da kwaɗon nan a rufe. Tsohon mai kula da filin yana zaune yana jan carbi. Ya ce 'yata ina zuwa? Na ce gudu. Ya dube ni kamar na ce zan hau sama. Ya ce ai mai makaranta ya hana a taka, kada a kashe ciyawa, sau biyu ake buɗewa a shekara, ranar rantsar da sababbin ɗalibai da ranar yaye tsofaffi, sai kuma in manyan baƙi sun zo a ɗauki hoto. Maza masu ƙwallo a wani kango suke bugawa bayan katanga. Na tafi neman sashen wasanni, sai na tarar malamin tattalin arziki ne aka ɗora wa a kan aikinsa, ofishin kuma kwali ɗaya ne na rigunan ƙwallo a ƙarƙashin teburinsa. Mutumin kirki ne. Ya ce tunda yake ba a taɓa samun mace ta zo da wannan magana ba, amma in rubuto. Na rubuta sau uku. Na koma zagaya ɗakin kwananmu da gudu, kwana huɗu na yi matar da ke kula da mu ta hana, wai masu shayi na bakin ƙofa sun fara jera benci suna kallo.

Malamin tattalin arzikin ya ce in na samo 'yan mata huɗu zai iya kai maganar gaba. Na bi ɗaki ɗaki ina shela. Ranar farko mutum goma sha ɗaya suka fito, har na fara raba musu matsayi a zuciyata. Ashe wata ce ta baza cewa za a raba riguna kuma za a kai mu Kano. Da suka ji babu riga babu Kano, kashegari saura huɗu. Ɗaya ta zo da takalmi mai tsini. Ɗaya ta ce ita tumbi take son ragewa kafin bikinta, kada in sa ta abin da zai baƙanta mata fuska. Ni kuma maimakon in lallaba su, sai na yi ta yi musu tsawa ina cewa ko tunkiya mai ciki ta fi su sauri. Ranar Alhamis ni kaɗai na fito. Har yau in muka haɗu da mai bikin nan sai ta ce ga kociya, mu yi ta dariya, amma a lokacin ban ga abin dariya ba.

Da gasar kwalejoji ta zo, makarantarmu 'yan ƙwallo maza kawai ta tura. Na bi motarsu a matsayin 'yar kallo. Ina zaune a kan benci na ga 'yan matan makarantar gyaɗa sun shigo a jere, dogon wando, riga har gwiwa, ƙaramin hijabi, malamarsu a gaba da usur a wuya. A cikinsu har da wata da muka yi sakandare tare, wadda shekara uku tana bin bayana, ban taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba. A gabana ta ci tseren mita ɗari huɗu. A gabana wani mutum mai biro da takarda ya kira ta ya rubuta sunanta. Ta hango ni ta taho da gudu ta rungume ni tana tambaya a wane rukuni aka sa ni, ba ta gan ni ba. Na ce ƙafa ce ke ɗan damu na. Malamar ma ta gan ni, ta ɗaga mini hannu da murmushi, ni kuwa na yi kamar ina gyara mayafi. A motar dawowa mazan suna ta waƙa don sun ci wasa ɗaya, ni na kifa kai a gwiwa na yi kukan da rabona da irinsa tun ina firamare.

Ƙarshen mako na tafi gida. Abin da ke cina shi ne maganar nan ta sau ɗaya ake zaɓa, don Baba ba ya magana biyu. Na fara faɗa wa Inna, ta ce ita ba ruwanta, da bakina na shiga da shi zan fita. Na same shi a bayan gida wurin shanu, na durƙusa, karon farko a rayuwata na yi bayani tun daga farko har ƙarshe ban tsallake komai ba. Ya saurara yana sosa wa bijiminsa wuya. Da na gama sai ya ce yaya ciyawar, tana nan da kyanta? Na ce tana nan. Ya ce ko zan yi masa magana da mai makarantar a sayar masa da ita, rani ya yi, harawa ta yi wuya. Ya yi ta dariya shi kaɗai har da tari, ni ina hawaye ina dariya. Da ya nutsu ya ce maganarsa tana nan, shi ba zai ɗauki akwatina ba, ba kuma zai je ya roƙar mini kowa ba. Amma in na je da ƙafata na ba matar nan haƙuri, ta kuma ce tana so na, to akwatin ba shi da nauyin da zai gagare ni.

Na kwana gidan goggona da ke kusa da makarantar gyaɗa, da asuba na isa filin. Lokacin rani ne, an cire gyaɗa, hanyar tana nan yadda take. Na gaida Malama na fara jero haƙurin da na haddace, ta ɗaga hannu ta ce in jira, suna aiki. Ta zaunar da ni gindin darbejiya ta ba ni jarkar ruwa in riƙe. Awa ɗaya da rabi ina zaune ina kallon mutane suna gudu, ƙafafuna suna ƙaiƙayi. Na tabbata da gangan ta yi. Da suka kusa tashi ta ce to mai raina masussuka, zo ki nuna mana. Muka jeru mu takwas, zagaye ɗaya. Na fita kamar an harba ni, kafin rabi na ji ƙirjina zai tsage, wata bakwai ba horo ba wasa ba ne. Na zo ta biyar. Wadda ta wuce ni daf da ƙarshe wata 'yar siririya ce, da na lura sai na ga tana ɗan jan ƙafar hagu. Na zube a ƙasa ina haki ina dariya kamar mahaukaciya, suka kewaye ni suna tambaya lafiya, na kasa bayani. Malama ta tsaya a kaina ta ce haƙurina ta karɓa tun ranar da na yi laifin, ƙafa kuma akwai ta, hankali ne za a nemo. Ta ce amma in sani, a wurinta duk wadda ta faɗi jarrabawa ba ta taka filin nan sai ta gyara, kuma sai na sake jarrabawar shiga na faro daga ajin farko, don kwas ɗin ba ɗaya ba ne.

Haka na yi. Na bar waccan makarantar, na sake jarrabawa, na zauna gida wata biyar ina jiran gurbi. Malama ta rubuta mini abin da zan riƙa yi kowace safiya a takarda. Matsalar ita ce ina budurwa za ta yi gudu ita kaɗai a ƙauye? Baba ya ce shi zai raka ni. Da an idar da asuba sai mu bi burtali, ina gaba yana biye a babur a hankali, takardar Malama a aljihunsa. In na rage sauri sai ya danna oda. Mutanen gari suka yi ta magana, wani abokinsa ya tare shi ya ce Alhaji yanzu kiwon ya koma na 'ya'ya? Baba ya ce eh, kuma wannan karsanar ta fi duk na turkensa tsada. Bayan sati biyu 'yan mata biyu na maƙwabta suka fara bin mu. Ban yi musu tsawa ba, ko sau ɗaya, ko da yake na ciji leɓe ya fi sau ɗari.

Da na shiga makarantar na ga abubuwan da ban ja musu layi a littafina ba. Ajinmu mu ashirin da 'yan kai ne, kowane malami ya san sunan kowa, in ba ki zo lakca ba kafin azahar an aiko a ji ko lafiya. Malaman sun san ranar da muke da gasa, su matsar mana da gwaji, amma ba sa yafewa. Ruwa kuwa sai an sha layi, kuma ɗakin kwananmu yana yoyo ta kusurwa ɗaya, wannan makin da na ba su bai yi ƙarya ba. Da aka zo haɗa 'yan miƙa sanda na tsaya a wurin ta ƙarshe ba tare da an ce mini ba. Sau uku muna gwadawa, sau uku ina fita kafin sandar ta iso, 'yar'uwata tana bi na tana ihu in tsaya. Malama ta hura usur ta ce tunda Allah bai halicce ni da jira ba, ba za ta yi faɗa da halitta ba, ni zan fara. Na ce Malama ai ta ƙarshe ita ake tafa wa. Ta ce to in zaɓa, tafi ko gudu. Na yi shiru. 'Yan ƙungiyar suka ce a rubuta ranar, yau an ga bakina a rufe.

Ranar gasar da ta biyo Baba ya zo, da babbar rigarsa ta zuwa sallar Juma'a da sandarsa. Aka harba bindigar tashi, ban san lokacin da na gama zagayen ba, na dai san na danƙa sandar a hannun ta biyu babu kowa a gabana. Daga nan aikina ya ƙare, na koma gefe, na tsaya ina kallon mutum uku suna ɗauke da abin da na fara, ba abin da zan iya yi sai ihu. Ta uku aka wuce ta, na ji kamar in shiga in karɓe. 'Yar siririyar nan ce ta ƙarshe. A kwanar ƙarshe ta kamo ta gabanta, suka jero, sai na hango wani farin abu yana bin waya da gudu ta waje, ashe Baba ne ya tattare riga, hula a hannu, yana yi mata irin kiran da yake yi wa shanu in za su tsallake rafi. Da taku ɗaya ta ci. Muka faɗa kan juna mu huɗu muna kuka muna dariya, Malama tana cewa mu tashi mu gyara hijabanmu, ita ma idonta ya cika. Mai biro da takarda ya rubuta sunan mutum biyu a cikinmu, har da ni. A hanyar gida Baba ya tsaya a Dutse ya saya mini tsire, ya faɗa wa mai tsiren labarin tun daga farko, mutumin bai tambaye shi ba.

Yanzu ina shekarar ƙarshe. Ina cikin farin ciki, alhamdu lillahi, amma ba zan ɓoye ba, shekarar da na zubar ba ta dawo ba. Ƙawata ta sakandare ta riga ni zuwa wuraren da har yau ban taka ba, kuma ta cancanta. Ba makarantar ce ta cuce ni ba, ba wanda ya yi mini ƙarya. Ni ce na yi tambaya ban tsaya jin amsa ba, na raina wanda ya fi ni gani don bai yi boko ba, na kuma gaya wa babbar mace maganar da har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Don haka 'yan'uwana mata masu gudu, masu ƙwallon hannu, masu ƙwallon raga, da iyayen da za su raka su duba makaranta, ku ji daga bakin wadda ta yi wauta. Kada ku je lokacin hutu. Kada ku je ranar biki, ranar kowa ado yake yi. Kada ku yarda da za a tsara, ku ce a nuna muku wadda ke horar da mata, ku gaisa da ita, ku tambaye ta yaushe rabonta da kai yara gasa da kuma abin da take yi wa wadda ta faɗi jarrabawa. Ku tambayi karatun da kyau, don ƙafa za ta gaji wata rana, takardar ce za ta rage. In babba ya fara magana ku bar shi ya kai aya, ba a mutuwa, na gwada. Sannan ku zaɓi wata Talata ko Laraba da ba kowa ya san da zuwanku ba, ku isa ƙofar makarantar kafin rana ta fito, ku tsaya ku kasa kunne. In kun ji 'yan mata suna haki, wata tana yi musu faɗa, suna dariya, to ku nemi inda ake sayar da fom.